Abu Mai Tauri a Ƙarƙashin Hijabi

Har in koma ga Ubangijina ba zan manta da wata Asabar ta cikin damina ba, a ƙofar gidan kallon Malam Ishaku da ke unguwar Jiddari Polo. Ni ko alif ban sani ba. Jikata ce ke rubuta abin da nake faɗa, don ku matan da kuka karɓi aikin ƙofa a bayana ku ji.

Sunana Ya Falmata. Mijina, Baa Modu, tela ne. Da safe ya fita sayen zare a kasuwa, bam ya tashi, da hularsa muka gane shi. Allah Ya jiƙansa. Har yau ba na iya ambatonsa ban share ido ba. Da na fita takaba, maƙwabcinmu Malam Ishaku, tsohon malamin makaranta daga kudancin Borno, ya ce in zo in riƙa binciken mata a ƙofar gidan kallonsa, tunda namiji ba zai taɓa su ba.

Ga wanda bai san aikin ba, maza layinsu daban, 'yan sintiri ke lalube su. Mata kuma su shigo bayan labule ɗaya bayan ɗaya, in shafa daga kafaɗa zuwa ƙugu, in leƙa jaka. Shugaban 'yan sintirin, Bukar, ya ce mini, "Ya, in kika ji abin da ba ki yarda da shi ba, kada ki yi ihu. Ki fiddo hannu ta gefen labule ki ɗaga, sauran aikin namu ne."

A lokacin, duk Asabar bayan la'asar ana haska wani wasan ƙasar waje da aka fassara, na sarakuna da aljanu da wata makauniyar sarauniya mai umartar guguwa. Daga littattafai aka ciro labarin, shi ya raba masu kallo gida biyu. Waɗanda suka karanta su zo da littafinsu, ana tsakiyar kallo ka ji, "Ƙarya ne, ba haka aka rubuta ba!" Ko wani ya ce, "Ku daina tafa wa wannan, shi zai ci amanarta." Rannan har benci aka ɗaga. Sai Malam Ishaku ya kafa doka, ba mai shiga da littafi.

Ranar da nake ba ku labari, kashin ƙarshe za a nuna. Ɗakin ya cika, layin mata ya kai bakin titi. Sai ga wata yarinya da ban taɓa gani ba, hijabi har ƙasa, idanunta jawur, tana gumi, ko gaisuwa babu. Na shafa kafaɗunta, na gangaro. A kan cikinta hannuna ya taɓa wani abu mai faɗi, mai tauri, an ɗaure shi tamau.

Na ce a raina, bam ne. In na ɗaga hannu, Bukar da yaransa za su zo da gora, kuma na san yadda taro ke yi da yarinyar da aka zarga. Ba ta kaiwa ga a yi mata tambaya. In kuma na yi shiru, ga ɗaki cike da 'ya'yan mutane a bayana.

Na damƙe hannayenta biyu. Na ce, "'Yata, ki ji tsoron Allah, wa ya ɗaura miki wannan?"

Ta ce, "Ni na ɗaura, Ya."

Ta ƙara da cewa, "Don Allah kada ki gaya wa Malam Ishaku, korata zai yi."

Ban fahimce ta ba. Na haɗa hannayenta a hannuna ɗaya, na yi kalmar shahada, na ɗaga hijabin da ɗayan. Littafi ne, kauri kamar bulo, an ɗaure shi da ɗankwali.

Na faɗi zaune, na jawo labulen ya tsinke. Matan layi suka watse suna salati, takalma ko'ina. Bukar ya iso da gora a sama, na rungume ƙafafun yarinyar ina ihu, "Littafi ne! Littafi ne, Bukar!"

Ya tsaya yana haki. Wata mai sayar da ƙosai ta dawo neman takalminta, ta leƙa ta ce, "Au, 'yar karatu ce? Ke, wallahi kika gaya mini ƙarshen, da ni da ke ne!"

Sunan yarinyar Hauwa, ɗaliba ce. Ta ce bisa ga littafin, a kashin yau sarauniyar za ta mutu, tun safe take kuka, so take ta bi da idonta ta ga ko masu wasan za su tausaya su canza. Malam Ishaku ya fito, ya kalli gorar Bukar, ya ce, "Dokata ce ta kusa kashe yarinyar nan." Daga ranar ya sa kwando a ƙofa, mai littafi ya ajiye a fili, in an tashi ya ɗauka.

Hauwa ta kasa shiga, ta zauna kusa da ni a kan tabarma. Can muka ji ɗakin ya ɗauki kururuwa, maza da mata. Ta ce, "Ba su canza ba." Ta kifa kai a cinyata tana kuka, ni ma ina nawa.

Bukar ya yi mini faɗa sosai, ya ce da abin nan na gaske ne da na hallaka mutane. Gaskiya ya faɗa, kuma ban ce ku yi yadda na yi ba. Abin da na koya dai shi ne, duk abin da aka hana mutum alhali yana sonsa, a jikinsa zai ɓoye, kuma hannunki ne zai fara samunsa. Ki san wanda ke gabanki kafin ki kira maza. Hauwa yanzu malamar firamare ce a Abbaganaram, da goyonta take zuwa gaishe ni.