Tsohon Dutse a Bakin Lifta

Baba bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba. Ko katin zaɓe bai yanka ba saboda haka. Ranar aurena da mai hoto ya ɗaga kyamara, hannun babbar riga ya ja ya rufe fuskarsa, ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da aka rataye surar mutum. Muka yi ta dariya a lokacin.

A shekarar korona ina aikin gadi a wani dogon bene a West Bay, nan Doha. A bakin lifta akwai kan mutum na farin dutse bisa ginshiƙi. Tsoho ne mai sanƙo, hancinsa a gutsure, bakinsa a tamke kamar an zo masa da zancen banza. Ni gunki na ɗauke shi. In zan yi sallah, can bayan matakala nake kai dardumata don kada mu haɗa ido.

A watannin nan ne yayata ta kira ni daga Funtuwa da hantsi, ta ce Baba ya cika. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Jirage ba sa tashi, kuma ko suna tashi, wa zai ajiye gawa ya jira ni? A tsaye na yi kukana, cikin takunkumi, riƙe da na'urar auna zafin jiki.

Abin da ya fi tayar min da hankali daga baya ya zo. Fuskarsa ta fara ɓace min. Muryarsa tana nan, tarinsa yana nan, amma in na rufe ido, hannun rigar nan kawai nake gani. Kowa a benen ya rufe rabin fuska, tsohon dutsen ne kaɗai bakinsa a waje. Ban san ranar da na fara tsayawa a gabansa ba.

Wani injiniya ɗan Zariya da ke aiki a sama ya kama ni ina kallonsa.

"Malam, ka san ko wane ne?"

"Ranka ya daɗe, ina ni ina sanin gunkin Turawa?"

"Ba bauta masa ake yi ba," in ji shi. "Kwaikwayon aikin Rumawan da ne. Su dattijonsu sukan sassaƙa fuskarsa yadda take, ba gyara. Tamoji, sanƙo, ko ƙari ne a goshi sai sun sa shi. Su ajiye a zaure, jikoki su san kakansu."

Haushi ya kama ni, ban san ko na Rumawa ne ko na Baba ba. Ban ce ya yi kuskure ba, Allah ya ji ƙansa, abin da ya yarda da shi ya bi. Amma ina kewarsa, kuma bai bar min abin kallo ba.

Da gasar cin kofin duniya ta matso, manajan benen ya ce a share wajen don tutoci da ƙatuwar talabijin. "Yalla, maza a kai dutsen nan sito." Ni da abokin aikina aka sa. Kafin mu naɗe shi a bargo na waiga hagu da dama, na zaro waya na ɗauke shi hoto. Ni ɗin nan, ɗan Baba! Kunya ta hana ni nuna wa kowa har kwana uku, sannan na tura wa yayata.

Saƙon muryarta na farko faɗa ne. "Kai, gumaka ka koma tarawa a can?"

Na biyun ya zo bayan ɗan lokaci. "Bakin ne. Haka Baba yake tamke nasa in zai ce a'a. Don Allah kada ka goge."

Ban goge ba. Hoton kakan wasu ne, mutanen da ban san ko sunansu ba. In kewa ta ishe ni nakan buɗe shi, in sa babban yatsana in rufe sanƙon da idanun da guntun hancin, in bar bakin kawai.