Yaya Ba Ta Fasa Ƙwai

A layinsu babu wanda ya damu da sunanta na gaskiya. Mai Ƙwai ake ce mata, tana kuwa amsawa. Gajeriyar mace ce mai saurin ƙafa da saurin baki, irin wadda za ta yi maka faɗa, ta kawo maka ruwan sha, ta tambayi lafiyar iyalinka, duk kafin ka sami wurin zama. Kaji take kiwo a bayan gida, a wani dogon ɗaki mai rufin kwano da tagogin waya. Da 'yan tsaki a cikin kwali ta fara, abu ya yi ta haɓaka har ya kai sai da mota ake fitar da ƙwan. Da ƙwan nan yaran gidan suka yi karatu, shi ya sa har yau idan ɗayansu ya yi mata wayo sai ta ce kajinta ne suka jawo mata.

Motar kuwa ta mijinta ce, wanda kowa ke kira Dogo. Ta hannu ya saya, a wurin wani ma'aikacin asibiti da zai bar gari. 'Yar ƙarama ce, shuɗiya a da, kafin rana ta shanye launin. Ta riga Auta zuwa gidan, don haka Dogo ya kafa doka cewa yaron ya riƙa ce mata Yaya, ya kuma gaishe ta da safe. Wasa-wasa sunan ya bi ta, har bakanike idan an kai ta sauya baƙin mai sai ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya."

Kada a ce an yi mata ƙarya, tana da halinta. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai daga waje. Rediyonta ya yi shiru tun yaran suna firamare. Gilashin gaba sai an murɗa hannu ana tallafa shi da ɗayan. Amma murɗa makulli ɗaya take tashi, ko da ruwa aka kwana. Mai kuwa kamar magani take shan sa, kaɗan-kaɗan. Kayan gyaranta babu garejin da ba a samu, kuma ba ta taɓa ajiye su a hanya ba. Babban abin taƙamar Dogo dai shi ne Yaya ba ta fasa ƙwai. Yakan shimfiɗa tsohon bargo a kujerar baya, ya jera kiret bisa kiret, ya ɗaure da igiya, sannan ya ja ta a hankali, masu manyan motoci suna danna masa hon yana ɗaga musu hannu kamar gaisuwa suke yi.

Da ya yi ritaya daga aikin kula da sito a wani kamfanin fenti, sai ya zama direban matarsa kacokan. Suna cikin haka idonsa ya fara ba shi matsala. Ciwon daga gefe ya soma cin ganinsa, bai faɗa wa kowa ba, sai ranar da ya goga Yaya a ginshiƙin ƙofar gidansa, ginshiƙin da shi ya tsaya aka gina. Likita ya ba da maganin ɗigawa, ya ce tuƙi kam ya ƙare.

Dogo ya dawo gida ya ajiye makulli a kan tebur. Ya fitar da kujera baranda ya zauna. Mutumin da ba ya minti biyar bai tsokani matarsa ba, sai ga shi ana zuba masa abinci yana cewa an gode kamar baƙo. Wannan godiyar ita ta fi tayar wa Mai Ƙwai da hankali. Tsoro ta ji sosai, don ta ga mijinta yana ƙarewa a zaune. Ga kuma 'yan tasi da ta koma ɗauka suna faɗa mata ramuka da ƙwai, kullum sai an dawo da kiret yana ɗiga.

Wata safiya ta ɗauki makullin ta jefa masa a cinya.

"Tashi, Malam, ka koya min."

"Da wane idon?"

"Ni ina da ido. Kai ba kullum kake cika baki kana jin maganar Yaya ba? To, zo ka ji."

A filin ƙwallon makarantar bayan layi aka yi karatun, ranakun da babu yara. Matsala ta farko, kujerar direba ta shekara da shekaru a ma'aunin ƙafar Dogo har ta yi tsatsa a wurin, ta ƙi matsowa. Sai da aka ɗebo filo biyu daga ɗaki aka tokare wa Mai Ƙwai baya kafin yatsunta su taɓa birki. Daga waje ba ka ganin komai sai ɗankwali da idanu. Yaya kuwa da ta ji baƙuwar ƙafa sai ta riƙa tsalle kamar kwaɗo tana mutuwa. Mai Ƙwai ta zage ta, ta zagi wanda ya ƙera ta, Dogo yana gefe yana dariya har da hawaye, dariyar da aka daɗe ba a ji ba a gidan.

"Ke, ba haka ake sakin kuloci ba. Ta yaya kike ajiye ƙwai a kiret?"

"A hankali mana."

"To, ƙwai ne a ƙarƙashin ƙafarki. Ajiye shi."

Ta ajiye. Yaya ta tafi sumul.

Daga nan aka raba aiki. Ita ke kallon hanya, shi ke sauraron inji. Zai karkata kai, ya kasa kunne, ya ce, "Ta biyu, direba." Can kuma, "Ta uku." Ita sai ta sa giyar da ya faɗa. Haka suke zagaye gidan burodi, da kantunan bakin kasuwa, da kicin ɗin makarantar kwana. Da ƙamshi yake gane an iso gidan burodi, ya gyara hula tun kafin ta tsaya. Wani lokaci ya ce ta kula akwai rami nan gaba, alhali an cike ramin tun bara, ita kuma sai ta ɗan kauce wa kwalta lafiyayya, ta ce Allah ya taimaka da ya tuna mata.

Maganar gaskiya, ba a yi wasu watanni ba kunnenta ya waye. Ranar gwajin lasin ba a bar Dogo ya shiga motar ba, kuma ta ci. Da ta dawo ta ce masa sa'a ce kawai da addu'arsa. Tun daga lokacin hannunta kan riga shi sanin lokaci ya yi, amma sai ta ɗora shi a kan giya ta jira. Ta ga abin da baranda ta yi wa mutumin nan, ba ta kuma son ta sake gani.

Ana nan sai Auta ya zo hutu daga garin da yake aiki, ya shigo layi da wata farar mota mai sheƙi, yara suna bin ta a guje. Ya ce ya yi magana da dillali: a gwada ta kwana biyu, idan ta yi, dillali ya ɗauki Yaya, shi Auta ya cika sauran kuɗin.

"Mama, dubi gwiwarki fa. Kullum da yamma sai an shafa miki man zafi. Wannan babu kuloci, da kanta take canza giya. Kuma don Allah a mayar da filon nan ɗaki, abokaina har tsokanata suke yi."

"Ka gaida Yayarka tukuna, marar kunya," in ji Dogo.

Auta ya rusuna ya gaida Yaya, aka yi dariya. Yaron gaskiya ya faɗa, gwiwar tana damunta. Kuma da ta shiga farar motar, Allah ya gani, ta ji daɗinta. Ta danna wani maɓalli kujera ta matso da kanta har inda take so. Sanyi ya busa mata a fuska. Ƙafar hagu ta miƙe ta huta kamar ta samu hutun aiki. Aka jera ƙwai, Auta ya zauna a baya yana riƙe da kiret, aka kama hanya.

Dogo yana gefenta ya karkata kai yadda ya saba. Ta gefen ido ta ga ya buɗe baki, kafin ya yi magana motar ta canza abinta, ya rufe. Ya sake karkatawa, ta sake riga shi. Daga nan ya haɗa hannuwa a cinya. Gilashi a rufe, ƙamshin burodi bai shigo ba, har suka tsaya bai gyara hula ba.

"Baba, ya ka ji ta?"

"Lafiyayya ce, Allah ya yi maka albarka," ya ce. "Ba ta buƙatar kowa."

Washegari da aka gama jera ƙwai, Mai Ƙwai ta leƙa ta tarar ya fitar da kujera baranda, babu hula a kansa. Ya ce su je kawai, yau yana ɗan jin kasala. Ta tsaya tana kallonsa, gwiwarta na zafi, zuciyarta ta fi. Sai ta ja Auta zuwa ɗakin kaji, inda kukansu ba zai bari a ji magana daga baranda ba.

"Ka mayar wa dillali motarsa."

"Mama, ai na ga kina son ta."

"Ina so mana, ni dutse ce? Amma ka ga ubanka jiya? A gidan nan kaf, saura wuri ɗaya da ake jiran ya yi magana kafin a motsa, kujerar gaban Yaya. Ita za ka ba dillali?"

Auta ya juya yana kallon kaji. Can ya share ido ya ce ƙurar dusa ce. Ya mayar da farar motar a ranar, ya ja Yaya gareji, ya tsaya a kan bakanike har aka kankare tsatsar kujera ta matso gaba, aka sassauta kuloci ya yi laushi. Filo biyu suka koma gado bayan doguwar hidima, sun lotse ba sa moruwa. Da ya dawo sai ya shaida wa babansa cewa Mama ta ƙi, wai ita ba ta yarda da motar da ba ta shawara da kowa ba.

Da safe Dogo ya fito da hularsa. Yaya ta tashi murɗawa ɗaya. Suka fita layi, ya ce ta biyu, ta sa. Suka hau babban titi, gilashi a ƙasa, iska na kaɗa ɗankwalinta. Inji ya fara ɗaga murya, hannunta na kan giya tana jira. Dogo bai ce ta uku ba. Inji ya ƙara, har wani mai babur ya waiwayo.

"Tun ranar lasin na san kin iya," ya ce, fuskarsa na gaba. "Ina jin zobenki yana taɓa giya kafin in yi magana."

Ta ji kunya da tausayi da dariya duk a haɗe.

"To me ya hana ka faɗa?"

"Ke me ya hana ki sawa?"

Ba ta motsa hannun ba. Kiret na ɗan kaɗawa a baya, ƙamshin burodi ya fara shigowa ta taga.

"Malam, Yaya fa tana kuka."

Ya gyara hula, ya karkata kai, ya saurara sosai kamar yau ya fara jin ta.

"Ta uku, direba."