Ranar da Aka Fara Magana Daga Sama

Jiya jikata ta kawo mini sabuwar tabarma daga kasuwar Madawa. Tana warware ta a tsakar ɗaki sai ƙamshin kaba ya tashi, irin kabar nan da ba ta gama bushewa ba. Na ce mata ta naɗe ta ta kai waje ta sha rana. Ta ɗauka saƙar ce ba ta yi mini ba, har ta ɓata rai. Saƙa kam ba ta da laifi. Ƙamshin ne ya mayar da ni garinmu da ke cikin duwatsu tsakanin Buza da Keita, lokacin ina yarinya, a shekarun da Nasara ke yaƙinsu can ƙasarsu, mu kuma muna shan wahalarsa a nan.

A garinmu, idan babbar magana ta taso, sababbin tabarmi ake fitarwa a shimfiɗa ƙarƙashin wani gawo da ke jikin darnin gidanmu. Masu gida su zauna, liman a gefe guda, tsohon maƙerin garin a ɗaya gefen, shi da har lokacin bai bar al'adun kakanninsa ba. Mu mata da yara ba mu da wurin zama a can, amma darnin kara ba ya tare murya. Da an zauna za ka ji daka ya tsaya a gidanmu, matan unguwa sun cika tsakar gida, kowace ta zo aron abin da take da shi a ɗakinta.

Abin da zai ba ka mamaki, ba a taɓa fara taro da maganar da ta tara mutane. Sai an fara yin abin da suke kira shimfiɗa, wato a daidaita yadda za a yi maganar kanta. Mai gari zai maimaita ƙa'ida, a tambaya ko akwai mai son a sauya wani abu a cikinta. Ƙaramin mai gida ne ke buɗe baki, sai wanda ya girme shi, a haka a haka har a kai ga tsohon gari. Wanda maganar ta shafa ba ya faɗin komai da bakinsa, sai ya zaɓi aboki ya zama bakinsa. Tsoho shi ne ƙarshe. Ya ji ta kowa, sai ya tattara ya ɗaure, kuma idan ya ɗaure an gama, babu mai ƙara ko tari a kai. Ni da ƙuruciya haushin wannan shimfiɗa nake ji. Hantsi ya yi, ƙafata ta yi sanyi da tsugunno, su kuwa suna nan suna jayayya a kan ko wane ya girmi wane.

Tsohon garin a lokacin kakana ne, mahaifin babana. Dogon mutum ne marar yawan magana, amma ni ba ya ƙyale ni. Amaryarsa yake ce mini. Kullum sai ya ce tuwona ya yi gudaji, zai sake ni ya auro wata daga Keita, ni kuma in ce masa wa za ta auri mai haƙori biyu. Babana shi ne ɗansa na fari, don haka ban taɓa jin ya kama sunansa ba. Ko kallonsa ba ya yi a gaban mutane. Idan yana son ya aika masa da saƙo, sai ya faɗa wa iska, wani ya ɗauka ya kai. Haka aka san kunyar ɗan fari a wurinmu, kuma ba wanda yake ganin rashin ƙauna ce.

Shekara guda kafin ranar da nake ba ka labari, an ɗebi babana zuwa aikin tilas, aikin hanyar mota, fasa dutse da ɗaukarsa a ka. Ya dawo bayan girbi da tari. Ba irin tarin mura ba, wani busasshen tari ne da ke tsayar da shi a tsakiyar kunya idan yana noma, ya dafa ƙota har ya wuce masa. Innata ta dafa masa sassaƙe iri-iri, liman ya yi masa rubutu, maƙeri ma ya ba da nasa. Ya ɗan yi sauƙi da rani, amma wuyansa bai koma yadda yake ba.

Ruwan farko ya sauka ke nan, ƙasa ta yi laushi, kowa ya fitar da irinsa, sai ga gardi, wato dogarin Nasara, a kan doki da jar hularsa. Kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu, ya sake yanka wa garinmu mazan da za a kai aikin tilas. Gardin ya sauka a ƙofar mai gari, aka kai masa fura, ya ce yana son mutanensa kafin rana ta take tsaka. Idan ba a ba shi ba, zai shiga gida gida ya zaɓa da kansa. Mun san yadda zaɓen gardi yake. A garin da ke bayan tudunmu ya taɓa tafiya da ango da kuma wani mai ƙafa ɗaya da rabi.

Da safen nan na bi innata rijiya. A hanya muka gamu da aminin babana, wanda aka yi musu kaciya tare, shi ne kuma bakinsa a taro. Innata ta tsaya da tulu a kai. Ya ce mata, “Kwantar da hankalinki. Bara ya tahi, kowa na jin tarinai. In magana ta iso gare ni zan hwaɗi, kuma ba ni ɗai ba, samari duk mun shirya.” Innata ta ce Allah ya yarda. Na ga ta saki fuska, har ta yi mini faɗa a kan na zubar da rabin ruwana.

Aka shimfiɗa tabarmi. Gawo kuwa ka san halinsa, da damina ta kama yake zubar da ganye, don haka inuwar ranar ba ta da kauri, mutane sai matsawa suke yi. Mai gari ya tashi. Ba mugun mutum ba ne, ina so ka riƙe wannan. Tsoro ne ya cika masa ciki, don shi ake ɗaurewa a Madawa idan gari ya gaza. Ya ce, “Jama'a, kun ji abin da baƙo ya ce. In munka hwara daga yara, har la'asar ba mu ƙare ba. Ina roƙo, yau ɗai, a juya shimhiɗa. A hwara daga bisa.”

Tsohon maƙeri ne kaɗai ya ɗaga kai. Ya ce, “Ba a juya shimhiɗa don baƙo na jira. In tsoho ya riga hwaɗi, mu mi ya rage muna?”

Wani ya ce masa yau ba ranar dogon zance ba ce. Wani ya nuna rana da haɓa. Dokin gardi yana ta buga ƙafa a can ƙofar mai gari, duk muna ji. Sauya ƙa'ida ba ya yiwuwa sai tsoho ya yarda, saboda haka kowa ya juya ya dubi kakana. Ina leƙe ta tsakanin kara. Ya daɗe yana duban tafin hannunsa, sannan ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Sun juya wanda zai fara, amma ba wanda ya tuna ya taɓa ɗaya ƙa'idar, wadda ta ce idan tsoho ya yi magana an ɗaure. Ita tana nan yadda take. Ni a lokacin ban gane haka ba. Kakata ce ta gane, matar kakana, don na ji ta ja numfashi a bayana ta zauna daɓas a kan turmi.

Ka duba halin da kakana ya shiga. Duk tsawon shekarun da ya yi yana ɗaure magana, bai taɓa kama sunan kowa da kansa ba. Yara su kawo, manya su tace, shi ya ce to haka za a yi. Yau an ce shi zai fara, a gaban gari, ya nuna ɗan da za a raba da gonarsa ranar shuka. Ɗan wa zai nuna? Mutum irinsa ba zai tsallake gidansa ya nuna gidan wani ba. A cikin gidan nasa kuma, da ya nuna ƙaramin ya bar babban, sai a ce tsoho ya fito fili yana tausayin ɗan fari. Ƙannen babana suna zaune a wurin, lafiyayyu, kowanne wuyansa kamar na sa.

Ya gyara murya ya ce, “A hwara da gidana. Wancan, babban.”

Innata ta toshe bakinta da gefen zane. Na ga aminin babana ya yunƙura, ya ɗaga gwiwa ɗaya daga tabarma, sai wanda ke kusa da shi ya riƙe masa riga. Ya duba hagu ya duba dama, samarin da suka shirya duk sun sunkuyar da kai. Tsoho ya faɗa. Babana kuwa maganarsa ce ake yi, ba shi da baki. Yana zaune a baya, yana ta ƙoƙarin danne tari don kada a ce da gangan yake yi.

Daga nan abin bai daɗe ba. Dattijon da ke bin kakana ya ga abin da tsoho ya yi, shi ma ya ba da nasa ɗan. Na bayansa haka. Kafin magana ta sauko kan matasan masu gida, adadi ya cika. Liman ya shafa fatiha. Aka je aka faɗa wa gardi, aka tarar ko furarsa bai shanye ba, rana kuwa da sauranta sosai.

Babana ya shigo gida ya ɗauki bargonsa da gorar ruwa. Ya ce wa innata ta fara shuka gonar tudu kafin laimar ta gudu. Ni ya dafa mini kai kawai. Suka bi bayan doki suka gangara kwari, muna tsaye a bakin gari har muka daina ganinsu.

Da yamma kakata ta kai wa mijinta tuwo. Ba ta durƙusa ba, abin da ban taɓa gani ba. Ta ajiye akushi ta ce, “Ba sa'ad da ka nuna shi ba kab ba da shi. Tun da hantsi kab ba da shi, da ka kaɗa kai.” Tuwon nan haka aka ɗauke shi.

Damina ta yi kyau a shekarar, abin haushi. Hatsi ya yi tsawo har yana rufe mai doki. Ni da innata da ƙannen babana muka nome gonar tudu, ta ba da abin da ba ta taɓa bayarwa ba. Bayan an ɗaure dammuna mutanenmu suka fara dawowa, biyu biyu, uku uku, ƙafafu duk sun tsattsage. Na ƙarshensu ne ya tsaya a ƙofar gidanmu ya kasa shigowa. Ya ce tun tsakiyar damina abin ya faru, sun rufe shi a gefen hanyar da suke yi, sun jera duwatsu a kai saboda kuraye. Mata suka fasa kuka. Kakana ya ce Allah ya jiƙan musulmi, ya ɗauki sandarsa ya nufi gona, alhali babu sauran aiki a gonar.

Tun daga ranar ya daina ce mini amarya. Ni ma na daina kai masa ruwa. Na tsane shi, gaskiyar magana ke nan, tsana irin ta yaro wadda ba ta san rabi ba. Idan ya biyo ta nan sai in bi ta can.

Wata rana da rani yana zaune a inuwar rumbu yana tufka igiya, ya kira ni. Na zo na tsaya nesa. Bai dube ni ba. Ya ce, “Ke, da an hwara daga ƙasa, har anka tambaye ki, mi za ki ce?”

Na ce, “Sai in ce shina tari.”

Ya ce, “Na sani. Ɗakinai na jikin nawa.”

Jika tana iya faɗa wa kaka abin da ɗa ba zai iya ba, don haka na ce masa, to don me bai faɗa ba. Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya ce, “Ni ba ni iya hwaɗi. Wani yaro za ya hwaɗi, ni in ɗaure. Don haka anka aje yara gaba.” Sai ya ci gaba da tufka, amma igiyar tana warwarewa a hannunsa. Na tsaya can ina jin haushinsa da tausayinsa a haɗe, kuma har yau ban iya raba su ba.

Yanzu gawon nan babu shi, an ce ma wurin ya zama shago. Taron gari ya koma ƙofar ofis, da kujeru da lasifika. Babban baƙo ne ke fara magana, a tafa masa, ya shiga mota kafin na baya su buɗe baki. Jikokina kuwa idan sun kunna rediyo suka ji 'yan majalisa sun wuni suna gardama a kan wa zai fara, wa zai biyo, yaushe za a rufe muhawara, tun ba a taɓa dokar da ta tara su ba, sai su yi ta dariya, su ce mutanen nan ba su da aikin yi. Ni ba na dariya. Nakan ce su rage surutu in ji yadda aka ƙare, don na san a wannan gardamar ake yanke wa wani hukunci tun ba a ambaci sunansa ba.

A gidan nan ni ce tsohuwa yanzu. Bana hatsi bai yi ba, ana ta shawarar wanda zai tafi cin rani Kudu ya aiko wa gida. Gobe za su taru a ɗakina. Sun riga sun fara cewa in yanke kawai a huta, tsufa ya sa ina jan magana. Ɗana na fari ya ce shi zai tafi. Ya rame tun damina, abinci ba ya zama masa, kowa a gidan ya gani. Na ce musu ƙaramar jikata za ta fara, sai wanda ya girme ta, ni a ƙarshe. Zan zauna in yi shiru, ina roƙon Allah cikinsu wani ya faɗa.