Kunun da Cokali Ya Tsaya a Cikinsa

Shekarata goma sha ɗaya ina dama kunu a wata cibiyar ciyar da yara masu tamowa a Garwa, amma ban taɓa mantawa da Litinin ɗin da sabuwar shugabarmu, Madam Bih, 'yar Bamenda, ta miƙo min wata takarda ba. Ƙa'idar wurin ita ce duk Juma'a a auna nauyin yaran, a rubuta.

Da Ingilishi ta yi rubutun, ta ja layi a ƙarƙashin kalma ɗaya game da kununa: consistent. Ni Faransanci na yi a makaranta, kuma consistant a wajenmu abu mai kauri ne. Raina ya ɓaci. Wato ni ce mai tsinkakken kunu? Girman kai ya hana ni tambaya. Washegari na ƙara gari har cokali ya tsaya a tukunya.

Kwana uku ban ga ta zama ba. Kofuna na dawowa rabi, ni kuwa sai zarya nake tsakanin madafa da rumfar iyaye. Wata uwa daga Lagdo ta tare ni, ta ce, "Dada, ɗana ba ya iya haɗiye wannan. Tuwo kika koma yi mana?" Ranar Juma'a sikeli ya nuna yaron ya ragu. 

Na faɗa ofishin Madam Bih na dire takardar. "Madam, kin ce kauri, ga kauri, ga kuma abin da ya jawo."

Ta dafe kai. "Hadiza, wa ya ce miki kauri?"

Ta zaunar da ni ta ce kalmomin biyu uwarsu ɗaya, Latin, wanda ta taɓa a makarantar mishan: con, tare, da sistere, tsayawa. Faransanci ya riƙe abin da ya tsaya ya daskare, Ingilishi ya riƙe wanda ya tsaya a kan abu ɗaya. "Kununki yau ruwa, gobe kauri, saboda da ido kike awo. So nake na Litinin ya zama na Juma'a."

Kunya ta rufe ni, domin da awon idon nan nake taƙama. Ranar na nemo gwangwani na yi masa alama, har yau da shi nake aiki. Sai da aka yi mako biyu kafin yaron ya mayar da abin da ya rasa.

Ku sababbin ma'aikata, kalmar da ba ku sani ba ba ta da haɗari, za ku tambaya. Ku ji tsoron wadda ta yi kama da taku. Tambayar da na ƙi yi, ɗan wata ne ya biya ta da naman jikinsa.