Mama Keziya da Rabon 'Yan Biyu

Duk wanda ya taɓa cin shinkafar biki ko ta jana'iza a unguwarsu a Kafanchan, da wuya a ce bai ci daga hannun Mama Keziya ba. Ita ce mai rabon nama a Zumuntar Mata ta cocinsu. Ba zaɓenta aka yi ba fa. Wata shekara ce dattawa biyu suka kusa dambe a kan cinyar akuya ranar bikin godiya, sai ta ƙwace cokali daga hannun mai rabon, kuma har yau ba ta mayar ba.

'Yar Nok ce, a gonar citta ta girma, aure ya kawo ta gari. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu ya bar mata yara biyar da tukunya ɗaya. Da tukunyar nan ta yi ta sayar da gwaten acca a bakin tasha har yaran suka yi karatu. Abu biyu ta gaskata a duniya: Yesu, sai kuma cewa duk inda ka ga wani ya rame, to na kusa da shi ne ke cin rabonsa.

Da matar autanta Leonard, wato Doreen, ta sami ciki, hoton asibiti ya nuna 'yan biyu. Likita ya ce irin wannan ciki sai an riƙa zuwa hoto a kai a kai, a ga yadda kowanne ke girma. Mama ta ce ita za ta riƙa rakiya, tunda Leonard yana koyarwa.

Cikin ya shiga wata shida ke nan likita ya daɗe yana zagaya na'urarsa a kan cikin Doreen, yana auna kai, yana auna ciki, yana auna ƙashin cinya. Ya ce ɗaya, macen, ta fara zama baya. In ta ci gaba da haka, dole a yi tiyata a fito da su kafin lokaci, kada a rasa ta.

Doreen ta fara hawaye. Mama ko gezau.

"Likita, wanne ne ƙaramin?"

"Ta hagu, Mama."

"Na dama fa?"

"Shi kam lafiya lau, har ya wuce."

"Na gane shi," in ji Mama. "Na haifi irinsa."

Daga ranar Doreen ta daina cin abinci a kwano ɗaya. Mama za ta jera biyu. Na dama gwate ne zalla. Na hagu kuwa har da hanta da ƙwai da alayyafo, kuma sai Doreen ta kishingiɗa ta gefen hagu kafin ta ci, don abincin ya gangara inda aka aike shi. In ta gama, Mama ta duƙa ta gefen dama ta yi wa mai laifi faɗa.

"Kai Ciyaman! Ina jin ka. Ba naka ba ne wannan."

Leonard ya gwada magana. "Mama, ai ba haka jiki yake aiki ba."

"Kai ka taɓa ciki? Wuce ka je ka koya wa 'ya'yan mutane."

Doreen dai ta ci gaba da ci, don hantar da daɗi.

Ranar komawa hoto Mama ta ɗaura sabon zane. Likita bai gama shafa wa cikin man hoto ba ta leƙo.

"Ta hagun ta yi kumatu ko?"

Likita ya duba, ya sake dubawa. "Mama, ai sun juya. Ƙaramar tana dama yanzu."

"Tun yaushe?"

"Ba su sanar da ni ba."

Mama ta zauna a kan kujera daɓas. Ashe duk hantar nan Ciyaman take kai wa har gida, marainiyar Allah kuma ita ke shan faɗa. Sista Hellen, nas ɗin da ke wurin, ta yi dariya har ta riƙe bango. Sannan ta zauna kusa da ita ta ce, "Mamana, abinci ba ya bin hagu ko dama. Kowa da cibiyarsa. Ta yarinyar ce ba ta kawo mata isasshe. Ba wanda ya saci na wani."

Wannan magana ta fi komai yi wa Mama ciwo, don ga ramamme, ga kuma babu ɓarawon da za a kama.

"To ni me zan yi?"

"Ki kawo Doreen duk ranar da aka ce. Ko ana ruwan sama."

Ta kuwa kawo ta. Masu keke-napep na layinsu suka san ta, masu gadin asibiti suka san ta, matan da ke layin awo suka koyi matsawa tun kafin ta buɗe baki. Rannan likita ya duba yadda jini ke bi ta cibiyar ƙaramar, ya ajiye na'urar ya ce yau za a shiga tiyata.

Namijin ya fito yana tsala ihu. Macen ta fito kamar 'yar tsana, kukanta ma sai ka kasa kunne. Bayan ta ɗan kwana biyu a kwalbar ɗumama jarirai, Sista Hellen ta ce yanzu ɗumin jikin mutum take so, fata da fata, a kan ƙirji. Doreen ga ɗinki, ga namijin ya kama nono ya ƙi saki.

Mama ta miƙe tsaye. Matar da ko ɗankwalinta ba a taɓa ganin ya zame a coci ba, sai ga ta ta tuɓe riga a tsakiyar ɗakin masu jego, ta kwantar da jikarta a ƙirji, aka ɗaure su tare da zane. Haka take wuni, ko tari ba ta yi da ƙarfi.

Ranar da Sista Hellen ta ɗora yarinyar a sikeli ta ce ta fara ƙara nauyi, ranar Fasto Gregory ya zo gaisuwa. Ya shigo da Littafi Mai Tsarki a hammata, ya ga Mama ba riga, ya ɗaga kai yana nazarin fanka.

"To, jama'a," ya ce, "mu rufe idanu mu yi addu'a."

"Rufe naka, Fasto," in ji Mama, "tun daga ƙofa ya kamata ka rufe. Kuma ka yi a hankali, barci take."