Tambayar da Aka Soke

Ko na bar aikin koyarwa ba zan manta da wata Alhamis a zango na biyu ba, lokacin ina ƙaramin malamin lissafi a wata sakandare a nan Gombe. Mun yi wa 'yan aji biyar jarrabawar fidda mutum ɗaya da zai wakilci makaranta a gasa. A ƙa'ida, shugaban sashe ke tsara tambayoyi da takardar amsoshi, mu kuma mu bi ta mu ba da maki.

Tambaya ta bakwai zane ce: layi mai lanƙwasa kamar ƙwarya, aka ce a fito da lissafinsa. Ya ratsa layin kwance a −1 da 3, ya ratsa na tsaye a −6. Takardar shugabanmu, Malam Bappah, ta ce y = x² − 2x − 3. Haka yaran duka suka rubuta, ban da Rifkatu, wata yarinya daga unguwar Herwagana. Ita ta lura cewa waccan amsar a −3 za ta ratsa layin tsaye, sai ta ninka komai sau biyu: y = 2x² − 4x − 6. Sau uku na gwada. Yarinyar ce da gaskiya, kuma makin nan ne zai sa ta zo ta ɗaya.

Na kai wa Malam Bappah cikin ladabi. Ko kallon zanen bai yi ba. Ya ce tun ina firamare yake koyar da darasin nan, in je in bi takarda.

Na wuce ofishin shugabar makaranta. Ta ɗauki biro ta lissafa da kanta, sannan ta ce, "Malam Sani, kana da gaskiya. Amma ba ma kunyata babba a gaban yara. A soke tambayar ga kowa."

Wallahi raina ya ɓaci, har yau kuma bai huce ba. Suka kira wannan adalci. Da aka soke, Rifkatu ta koma ta biyu, wani ya tafi gasar.

Ni aka sa na miƙa mata takardarta. Ta daɗe tana duban jan layin da aka ja a kan aikinta, ta ce, "Malam, a ina na yi kuskure?"

Na ce babu ko ɗaya. Ta tsaya tana jiran sauran bayani, ni kuwa na ci gaba da raba wa sauran takardunsu.

Ranar na san cewa a aikin nan namu, kuskuren ɗalibi da jan biro ake gyara shi. Na babba kuwa ɗalibin da ya gano shi ake sawa ya ɗauka.