Gwaggo a Gaban Makirfo

Ɗakin da nake kira situdiyo a gidanmu na Gashuwa, ɗakin ajiyar buhunan shinkafa ne. Na jingina tsofaffin katifu biyu a bango saboda ƙarar injin markaɗen maƙwabta, na ɗora kwamfuta a kan benci. Samarin unguwa ne ke zuwa su rera waƙoƙin soyayya, ni kuma in sa musu ototun, manhajar nan da ke kama muryar da ta kauce ta mayar da ita kan layi.

Wata safiya gwaggona ta shigo tana dogara sanda. Za a yi bikin jikarta a Nguru, gwiwa kuma ta hana ta shiga mota. A danginmu ba a taɓa kai amarya ba tare da waƙarta ba. Tana so a ji muryarta a can, a kuma san ita ce.

Na sa mata abin ji a kunne bisa ɗankwali. Ta rera da Badanci, yaren danginmu, idonta a rufe. Muryar ta tsufa, tana rawa, tana karyewa a sama. Na kunna ototun kaɗan na maimaita mata.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce, Gwaggo."

"Ƙarya kake, ɗan nema! Wannan ai ba ta haihu ba."

Ta yi dariya har sandar ta faɗi. Matan gida suka cika ƙofa. Ta tambaya ko abin yana da sauran ƙarfi, na ce yana da shi. "To murɗa!" Na murɗa har ƙarshe. Muryar ta koma santsi, tana tsalle daga mataki zuwa mataki kamar ta 'yan fim. Innata ta zauna a kan buhu tana share hawaye. Gwaggo kuwa tana juya kafaɗa, tana cewa da an ƙirƙiro wannan abu tun tana budurwa, da masunta sun bar koma a ruwa sun biyo ta.

Muka tura wa uwar amarya waƙar ta waya don gwaji, ba mu faɗi mai rerawa ba. Amsa ta dawo: waƙar ta yi daɗi, amma wace yarinya ce, kuma ina ta Gwaggo?

Na ce sai mu cire ototun ɗin gaba ɗaya.

"Ka cire me? Yarintar da na samu yau da safe?"

Ta yi tunani, sannan ta ce in kashe abin, in bar makirfo a buɗe. Ta matso, ta kama hancinta da yatsu biyu, ta rangaɗa guɗa. Allurar auna ƙarfin murya a kwamfuta ta buge ja. Guɗar ta yi tsawo, ta dushe, ta ƙare da tari da "wash, gwiwata". Na kai hannu zan yanke tarin, ta doke shi.

Haka muka liƙa ta a ƙarshen waƙar mai ototun, muka tura Nguru.

Ranar kai amarya ƙanwata ta kira daga Nguru, ta ɗaga wayar sama. Waƙar na tashi a lasifika, mata na ta hirarsu. Da guɗar ta fito, sai wata tsohuwa ta ƙwala ihu: "Ita ce! Wallahi ita ce!" Gidan ya ɗauka. Gwaggo na zaune a tabarma, wayar a kunnenta, tana cewa in gaya musu su maido daga farko, yanzu da suka san mai yi.